Na Ba Ka

Masana tarihi suna da jerin abubuwan da suka ce a kansu ɗan Adam yake yaƙi: ƙasa, ruwa, sarauta, addini. Jerin bai cika ba. Sun manta da wasali. Ni shaida ne, domin yaƙi mafi girma da na taɓa yi a rayuwata a kan wasali ɗaya na yi shi, wanda ya raba "ka" da "ki". Har yau in na shiga aji na ga ɗalibi yana hamma a darasin wakilin suna, tausayinsa nake ji, don bai san irin makamin da ake miƙa masa ba.

Shekarun baya ne, ina koyar da Hausa a wata sakandare a Samaru, auren ƙanwata ya mutu. Ba zan faɗi dalili ba. Ta hana ni, kuma dalilin ma ba wani abin ba da labari ba ne. Shekara tara suka yi, 'ya ɗaya tsakaninsu, kotu ta raba su, ta dawo gidan mahaifiyarmu a Bomo da jaka ɗaya a hannu da yarinya a ɗaya hannun.

Mijin nata ɗan Sabon Gari ne. Kakanninsa daga ƙetaren kogin Neja suka zo, aikin jirgin ƙasa ya kawo su. Mu kuma Hausawa ne Kirista, a coci suka haɗu, cikin mawaƙa. Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa, sai ƙanen mahaifin ya zama babba a gidan. Baba nake ce masa, kuma haka zan ci gaba da kiransa a nan. Tsohon akawu ne na tashar jirgi, a Sabon Gari aka haife shi, kuma bari in faɗi gaskiya tun da wuri: Hausarsa ta fi tawa. Ni na karanta ta a jami'a, shi ya yi faɗa da ita a bakin famfo tun yana ɗan shekara biyar. Sai uwar mijin, Mama, mai sayar da busasshen kifi a kasuwa. Ita da girmanta aka kawo ta aure daga kudu, kuma a bakin teburin kifi ta koyi Hausa. Irin Hausar nan ce mai saurin ciniki, wadda ba ta tsayawa tambayar ko mai saye namiji ne ko mace. Kowa "ka" ne a wurinta.

Ni aka tura kwaso kaya, tun da ni ne babban namiji a gidanmu. Na tafi da shirin rigima, na tarar da Baba ya riga ya jera komai a tsakar gida. Gado, kujeru, keken ɗinkinta, tukwanen da mahaifiyata ta ɗiga wa jan farce a gindi don kada su ɓata a gidan biki, kulolin da matan zumuntar coci suka ba ta ranar aure, har da wata fitila da ta fashe tun shekarar farko. Ya ce, "Malam, duba da kyau. Abin da aka ba 'yarku nata ne. Mu ba ma riƙe kayan mutane."

Na duba. Na ce, "Baba, saura sarƙar."

Sarƙar murjani ce, jere uku, ta mata, tsohuwa har zarenta ya yi duhu. Asalinta ta mahaifiyar Baba ce. Ita ta ba Mama ranar aurenta, Mama kuma ta rataya wa ƙanwata a wurin liyafa, gaban kowa. Daga baya aka riƙa ajiye ta a akwatin ƙarfe na Mama, saboda gidan akwai 'yan haya, ƙanwata takan karɓa ta sa da Kirsimeti da Ista, ta mayar.

Baba ya yi murmushi irin na wanda ya daɗe yana jiran tambayar. Ya ce in shigo falo. Ya sa faifan bikin a bidiyo, ya tura shi gaba, ya tsaya daidai wurin, alamar ba yau ya fara nema ba. Ga ango da amarya a zaune kafaɗa da kafaɗa. Ga Mama ta taho da rawa, ta rataya sarƙar a wuyan ƙanwata, ta karɓi makirfo, kuma don girmama danginmu ta yi magana da Hausa. Ta ce wani ya ba ta wannan sarƙa ranar aurenta, ganga ta ɗan rufe wurin, sannan a fili ta ce: "Yau na ba ka. Ka riƙe shi da kyau."

Baba ya tsayar da faifan.

"Malam, kai ne mai koyar da Hausa. 'Na ba ka.' Wa ake ce wa ka?"

Na ce, "Namiji."

"Maza nawa ne a kan kujerar nan?"

"Ɗaya. Amma Baba, a wuyanta aka sa."

"To a wuyansa za a sa sarƙar mata? Ɗanta ta ba. Shi kuma ya ajiye a wuyan matarsa. Yanzu ba matarsa ba ce. Kayan gida ya dawo gida."

Jama'a, na yi shekaru ina kama ɗalibai da irin wannan tambayar. Ranar ne na san yadda suke ji.

Da na koma Bomo na ba da rahoto, mahaifiyata ta ce a bar musu, Allah ya fi su. Ƙanwata ta jira aka gama sauke kaya. Tana goge keken ɗinkinta ne ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Yaya, ashe shekara tara ni ƙusa ce a gidan nan? Rataya mini aka yi?"

Ba mai yawan ƙorafi ba ce. Duk zaman kotu ban ji ta faɗi magana mai nauyin wannan ba. Ta ce ita ba sayarwa za ta yi ba, ba kuma ado ya dame ta ba. A gaban mutane aka ba ta, tana so a gaban mutane a ce tata ce, ita kuma wata rana ta sa wa 'yarta. Shi ke nan abin da take nema daga shekara tara.

Na je wurin wani dattijon coci da duka gidajen biyu suke ganin girmansa, ya sa zama ranar wata Asabar, mako biyu gaba. Na tambayi abokina mai koyar da ilimin gwamnati, ya ce ai a ko'ina, kotu ko zauren gida, kyauta in an ba mutum ya karɓa ta zama tasa, mutuwar aure ba ta warware ta. Matsalar ɗaya ce: wa aka ba? Ya dafa ni ya ce, "Wannan ba aikin lauya ba ne, naka ne." Ban taɓa jin an daraja darasina haka ba. A makarantarmu, in za a yi taron wasanni, lokacin Hausa ake fara yankewa.

Na ɗauki faifan ƙanwata na yi ta kallo bayan an tashi makaranta, har na haddace wanda ya ci shinkafa sau biyu. A kallo na ban san nawa ba na kama abin. Wurin da ganga ta rufe, in ka kasa kunne, Mama cewa ta yi, "Uwar mijina ya ba ni." Uwar mijina, ya. Mace, amma "ya". Ke nan a cikin numfashi ɗaya ta nuna ba ta raba jinsi. Na tashi tsaye ni kaɗai a ɗaki na yi wa kaina tafi.

Na sayi farin kwali na zana jadawali da ja da baƙi. Ni, kai, ke, shi, ita. Na ba ka, na ba ki. Ya ba ni, ta ba ni. Na yi gwajin jawabin a gaban mahaifiyata har ta yi gyangyaɗi. Ranar Alhamis kafin zaman, ƙanwata ta je kasuwar Sabon Gari sayen zare, ta dawo da ƙunshin busasshen kifi a takarda, ta ce Mama ce ta kira ta ta ba ta. Na yi faɗa sosai. Na ce ana tsakiyar yaƙi kina karɓar kifi daga ɗaya ɓangaren? Ta ce, "Yi haƙuri, Yaya." Miyar kuwa na ci, har na nemi ƙari, don a ganina kifin ba shi da laifi.

Asabar na sa kwat ɗin da na je neman aiki da shi. Watan Afrilu ne, zafi kamar a gasa masara a kan kwalta. Muka hau napep daga Samaru, ni da mahaifiyata da ƙanwata, kwalin a naɗe a hammatata kamar takardar filin gado. Ƙanwata ta naɗe wuyanta da gyale, ta ce mura ke damunta. A Kwangila iska ta kusa ƙwace kwalin, na riƙe shi da hannu biyu na bar ƙarfen napep, mahaifiyata ta ce in na faɗi ba za ta iya gaya wa mutane abin da ya kashe ni ba.

A falon Baba aka zauna. Dattijon a tsakiya, tsohon mijin a lungu yana kallon takalmansa, Mama a kan kujerar roba kusa da ƙofa, hannuwanta a cinya. Bayan addu'a Baba ya yi wata sanarwa: matar yayansa ba ta jin daɗi yau, da harshensu za ta yi magana, shi zai fassara. A lokacin ban gane wayon ba. Dattijon bai taɓa jin Hausar Mama ba, da Turanci suke gaisawa a coci. Baba ya kulle bakin da nake bukata tun kafin in buɗe nawa.

Aka ba ni dama. Na manna kwalin a jikin kabad na fara. Ba zan ɓoye muku ba, na yi kyau. Na fara daga ma'anar wakilin suna. Na bi ta jinsi. Na yi bayanin yadda harsunan kudu da yawa ba su raba namiji da mace a wannan wuri, don haka wanda ya koyi Hausa da girma yakan ɗauki ɗaya ya yi wa kowa. Dattijon yana gyaɗa kai, ko don gamsuwa ko don zafi, ban tantance ba. Sannan na ce a sa faifan, na ce a saurara: "Uwar mijina ya ba ni."

Aka saurara. Baba ya ce a maimaita. Aka maimaita.

Ya ce, "Uban mijina ta ce. Mahaifina ne ya miƙa mata da hannunsa, ina wurin. Uban mijina ya ba ni. Ina kuskuren?"

Aka sake sawa sau uku. Tsakanin ganga da ƙarar janareta, abin da ake ji kawai shi ne "u", sai "mijina". Dattijon ya cire tabarau ya goge, kamar zai taimaka wa kunnensa, ya ce shi gaskiya ba zai iya rantsuwa ba.

Baba ya juyo gare ni a hankali. "Malam, ku Zage-zagi ma ai 'rigana' kuke cewa, 'motana'. Na ji mahaifiyarka ɗazu ta ce 'jakana'. Amma ta taɓa ce wa mace ka?"

Na ce a'a.

"To. Mutum yakan yi sakaci a riga da jaka. Ba ya sakaci a kan wanda yake ba dukiyar gidansu. Matar nan shekara arba'in tana Zariya."

Mahaifiyata ta ja jakarta jikinta kamar an zarge ta da sata.

Dattijon ya ce to a tambayi mai kyautar mana, tun da tana raye. Baba ya yi mata magana da harshensu. Ta amsa a taƙaice, idonta a ƙasa. Ya ce, "Ta ce ta tsufa, ba ta tuna ba." Ban zarge ta ba, ko a lokacin. Gwauruwa ce a gidan dangin miji, kuma a al'adarsu ba ta ƙaryata ƙanen mijinta a gaban baƙi.

Na tsaya a gaban kwalina, gumi yana bin bayana a cikin kwat. Gefe ɗaya na kwalin ya saki ya lanƙwaso, ya rufe "ki" ɗin gaba ɗaya. Dattijon ya fara irin maganar da ake yi in za a ba mutum haƙuri: zumunci, yarinya da ke tsakani, abin duniya. Ƙanwata ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suka fara rawa, ta sa bakin gyale a fuska.

Sai Mama ta tashi. Ta ratsa falon, ta wuce ɗanta, ta wuce Baba, ta dafa kan ƙanwata, ta ce da Hausa, da muryar da take kiran masu saye daga layi na uku:

"'Yata, ka daina kuka. Ka share idonka." Ta juya wurin mahaifiyata. "Mama, ka gaya masa ya daina mana. Kai ma mace ne."

Falon ya yi tsit. Har fankar sama na ji tana juyawa.

Na san mutumin kirki zai bar shirun ya yi aikinsa. Ni malamin makaranta ne. Na ɗaga gefen kwalin da ya faɗi, na danna shi da babban yatsa, na ce, "Ranka ya daɗe, 'ka' uku, 'kai' ɗaya, 'masa' ɗaya, 'ya' ɗaya, har da 'idonka'. Kuma babu namiji ko ɗaya a cikin waɗanda aka yi wa magana."

Dattijon ya yi ƙoƙarin riƙe dariya, ta fito masa ta hanci.

Baba bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon matar yayansa, ita kuma tana shafa kan ƙanwata kamar ba ta san ta yi wani abu ba. Can ya ce, a hankali, ba da muryar akawu ba, "Uwata ma haka take. Kowa ka." Ya juya wurin dattijon. "Sarƙar nan ita kaɗai ta rage daga kayanta. In ta fita daga gidan nan, ina za ta?"

Ƙanwata ta ɗago. Tun da aka zauna sai lokacin ta yi magana. Ta ce, "Baba, wuyan jikarka za ta. Ni hanya ce kawai. Amma hanya, ba ƙusa ba."

Ya dube ta, ya dubi kwalina, ya ce, "Malam, cire wannan abin daga kabad ɗina, zai ɓata fenti." Sannan ya ce wa dattijon, a gaban kowa, sarƙa ta ƙanwata ce, ita aka ba, kuma babu mai sake tayar da maganar. Dattijon ya ce a kawo ta a miƙa a nan. Mama ta ce makullin akwatin yana kasuwa, za ta aika. Washegari Lahadi ƙanwata ta sa ta zuwa coci, jere uku, a kan farar riga, ta zauna a layin gaba. Da na matsa in gani, na ji tana ɗan ƙarnin kifi. Na ce a raina akwatin mai kifi ai sai haka.

Tun daga ranar na daina jin kunya in an tambaye ni me nake koyarwa. Na ga da idona cewa haƙƙin mace yana iya maƙalewa a kan abu ƙarami, ƙarami har ka raina shi, kuma sai an sami wanda ya damu da ƙananan abubuwa kafin a ciro shi. Na kuma gane cewa kayan da mace take nema in aure ya mutu ba kaya ba ne kawai. Shaida take nema cewa ta zauna a gidan a matsayin mutum, an ba ta abu da sunanta, ko da an yi kuskuren wasali. Baba, Allah ya ba shi lafiya, mun zama abokan gardama. In na bi ta Sabon Gari nakan tsaya mu yi musu a kan wata kalma, kuma yawanci shi ke ci. Kwalin yana nan, na sa an yi masa leda. Kowace shekara in na zo darasin wakilin suna nakan ba ɗalibai labarin, kuma ina jin da kowace shekara jawabina yana ƙara tsawo, gumin yana raguwa.

Bara Mama ta rasu. A zaman makoki aka ce wani daga danginmu ya yi magana, na tashi na ba da labarin nan tun daga kwali har fanka, aka yi dariya, aka yi hawaye. 'Yar ƙanwata, ta zama budurwa yanzu, tana zaune da murjanin a wuyanta. Na ce Mama mace ce da kuskurenta ma alheri ne.

A napep, kan hanyar komawa Samaru, ƙanwata ta ce, "Yaya, yanzu da ba ta nan, zan iya gaya maka. Ka tuna kifin nan da ka yi mini faɗa a kai?"

Na ce na tuna, miyar ta yi daɗi.

"Mama ta ce in saka abin da ke cikin ƙunshin a wuya in zo da shi zaman, in rufe da gyale. Ta ce ko Baba ya yarda ko bai yarda ba, ta riga ta bayar, sau biyu ma. Kukan ma ita ta ce in yi in na ga ka maƙale, ita ta san abin da za ta ce. Na ce to in gaya wa Yaya? Ta ce, 'A'a. Ka bar Tica ya yi magana. Ya riga ya sayi kwali.'"

Sarƙar tana cikin ƙunshin kifin tun ranar Alhamis. Ni Asabar na yi jawabi.